Tambaya da Amsa: Me ke kawo zarni a jikin mai keke bayan doguwar tafiya?

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam Likita. Ina yi maka fatan alheri, kai da duk masu hidimar wannan fili. Ni magidanci ne mai shekara 36, ina zaune a unguwar Zango cikin Damagaram, kuma ina cikin masu fita da keken tsere ranar Lahadi bayan sallar asuba. Da can iyakarmu Mirya mu juyo, amma yanzu mukan kama hanyar Maraɗi har Takeita mu dawo, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 100, tana cin mana awa 4 ko fiye. Duk ranar da na yi wannan doguwar tafiya, idan na shiga wanka sai in ji wani zarni mai yaji ya cika mini hanci, kuma mai ɗakina ta ce tana jin sa a rigata idan ta zo wanki. Wani abokin tafiyarmu da ya karanci kimiyya ya ce warin amoniya ne. Ba na jin sa idan Mirya muka je. Ina fita ne ban karya ba, sai shayi kofi ɗaya, domin ina neman rage teɓa, kuma saboda haka ne na bar tuwo da shinkafa da dare, na koma nama da ƙwai da kilishi. Ruwa kuwa gora ɗaya nake ɗauka. Ciwon ƙoda ne ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina ya tashi. Shin ƙodata ce ta fara taɓuwa, kuma in ajiye keken ne?

Daga wani mai karatu, Zango, Damagaram

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Abokin tafiyarka ya faɗi daidai, zarnin nan na amoniya ne, kuma sananne ne tsakanin masu tseren keke da masu gudun dogon zango a ƙasashe da dama. Bisa ga abin da ka zayyana, wato warin yana zuwa bayan tafiyar Takeita, ba ya zuwa bayan ta Mirya, kuma kana fita ciki babu komai da ruwa gora ɗaya, hankalina ya fi kwanciya da cewa yunwa da ƙishirwa ne suka haɗu a kanka, ba ƙoda ce ta gaza ba. Duk da haka ba zan sallame ka da wannan magana kaɗai ba, domin rasuwar mahaifi da ciwon ƙoda dalili ne mai ƙarfi na yin awo ko da babu wani wari.

Tsokar mai taka feda tana samun ƙarfinta daga abu biyu, sukari da kitse. Tuwo da shinkafa da fura da burodi da rogo duk sitaci ne, wanda hanji yake mayarwa sukari, jiki kuma ya adana abin da bai yi amfani da shi nan take ba cikin tsoka da hanta, a wata siffa da masana suke kira gilaikojin. Ajiyar nan ba ta da yawa. A jikin babban mutum da ya ci ya ƙoshi, tsoka tana riƙe kimanin giram 400, hanta kuma kimanin giram 100, kuma tafiya mai ƙarfi tana iya cinye mafi yawanta cikin minti 90 zuwa awa 2. Kitse kuwa ko siririn mutum yana da wanda zai ishe shi kwanaki, sai dai a hankali yake ƙonewa, ba ya iya biyan buƙatar ƙafar da ke bin ayarin masu tsere shi kaɗai, kuma ƙwaƙwalwa sukari take nema a cikin jini. Ajiyar hanta ma raguwa take cikin dare, domin daga cikinta ake ciyar da ƙwaƙwalwa yayin da mutum yake barci. To ka dubi halin da kake fita: ba ka ci tuwon dare ba, ka kwana, ka sha shayi, ka hau keke. Zuwa Mirya da dawowa kimanin kilomita 40 ne, ɗan guzurin da ya rage a jikinka yana iya kai ka ya dawo da kai. Tafiyar Takeita kuwa, wajen lokacin da za ku juyo ne ajiyar take ƙarewa, alhali rabin hanya yana gabanka.

Idan sukari ya yi ƙasa kuma ƙafa ba ta daina aiki ba, jiki yakan ƙara juyawa ga furotin, wato sinadarin da aka gina tsoka da shi, kamar uwargidan da icce ya ƙare mata tukunya na kan wuta, ta fara zare karan dangar gida don tuwo ya nuna. Furotin ya bambanta da sukari da kitse a wuri guda mai muhimmanci, wato yana ɗauke da wani sinadari da ake kira naitirojin, kuma kafin jiki ya ƙona shi dole ne ya cire wannan naitirojin, wanda yake fita a matsayin amoniya. Amoniya guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwa, shi ya sa hanta take tare ta, ta mayar da ita yuriya, sinadarin nan da manoma suka sani a buhun taki, sannan ƙoda ta tace yuriyar ta zubar cikin fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano yadda hanta take wannan aiki, a Jamus, a shekarar 1932. Ga mutumin da ke zaune, aikin yana tafiya ba tare da ya san da shi ba. A kan keke kuwa jini yana karkata zuwa cinyoyi da fata, abin da ke isa hanta da ƙoda ya ragu ainun, a daidai lokacin da amoniyar da tsoka take fitarwa ta ƙaru, sai rarar ta nemi wata ƙofa, ta bi gumi da numfashi. A 1980 wasu masana biyu, Lemon da Mullin, sun sa mutane tuƙa keken ɗakin gwaji na awa ɗaya, sau ɗaya bayan an cika musu ajiyar sukari, sau ɗaya bayan an ƙarar da ita, suka auna yuriyar da ta fito cikin guminsu. Da ajiya a cike, furotin ya ba da kimanin kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da aka kashe, da ajiya a wofi kuma ya kai kimanin kashi 10. Wannan fa awa ɗaya ce kawai, kai kuwa huɗu kake yi.

Akwai wata mafita ta biyu ta amoniya wadda ba ta da alaƙa da yunwa. Duk lokacin da aka matsa wa tsoka iyakar ƙarfinta, kamar wajen hawa tudu ko kamo wanda ya tsere wa ayari, tana ragargaza wani ɓangare na sinadarin da take sarrafa ƙarfi da shi, kuma amoniya tana cikin abin da ke fita. Na kawo wannan ne saboda hanyar da kuke bi. Takeita tana yamma da Damagaram, don haka da hunturu iskar arewa maso gabas tana tura ku wajen tafiya, sannan ta tare muku gaba wajen dawowa, wato aikin da ya fi wuya yana faɗo maka ne a lokacin da jikinka ya riga ya ƙare.

Sai maganar ruwa, wadda a ƙasarmu ba ƙarama ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, da hunturu kuma iska a bushe take ƙwarai, gumi yana ƙafewa tun bai gangaro ba, har mai keke ya ɗauka bai yi gumi ba sam, sai ya sauka ya ga farin gishiri ya zana masa layi a bayan riga da igiyar hular kwano. Mai tafiya da ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya ta gumi cikin awa ɗaya, wani ma fiye da haka, gorar keke kuwa ba ta cika kai lita ɗaya ba. Idan ruwan jiki ya ragu, ƙoda tana rage fitsari don ta tattala abin da ya saura, yuriya ta daɗe cikin jini, abin da ya fito bisa fata kuma ya bushe ya taru wuri guda. Naman da ka ƙara ci shi ma ya ƙara wa hanta da ƙoda naitirojin da za su fitar, kilishi kuma ga gishiri da yaji masu ƙara ƙishirwa.

Dalilin da ya sa kake jin warin a wurin wanka ya fi ko'ina shi ne, a kan hanya iska tana kwashe shi, a banɗaki kuwa wuri ne matsattse, ruwa ya jiƙa abin da ya bushe bisa fata, sabulu kuma, da yake yana da kaifi irin na toka da kanwa, yana sakin amoniyar ta tashi sama ta shiga hanci. Rigar kuma labarinta daban ne. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata da tufafi suna farfasa yuriyar gumi su mayar da ita amoniya, kuma rigunan tsere na roba sun fi na auduga riƙe wari. Rigar da aka dunƙule a kwando ta kwana da gumi dole ta yi zarni ko da mai ita lafiyarsa ƙalau, saboda haka a ɗauraye ta da zarar ka cire, a shanya ta a rana.

Game da rage teɓa, niyyarka mai kyau ce, amma ban yarda da hanyar da ka bi ba. Wanda ya yi awa 4 bisa keke da yunwa tsokarsa yake ci tare da kitsen, yakan dawo a galabaice, kuma sau da yawa yakan rama abin da ya ƙi ci da rana ɗaya. Ka rage abinci a ranakun da ba ka da doguwar tafiya, ka rage sukarin shayi da lemun kwalba da soye-soye, amma daren Asabar ka ci tuwonka ko shinkafa da wake ka ƙoshi. Tunda da asuba kuke fita, babu lokacin narkar da abinci mai nauyi, sai ka sha koko ko kunu da ɗan burodi tun kafin ka tafi masallaci, ka bar ƙosai da duk abin da ke da mai sai ka dawo. A kan hanya kada ka jira yunwa ta kama ka, ka fara ci tun cikin awa ta farko. Abin da masana wasanni suke ba da shawara a kai ga tafiyar da ta wuce awa ɗaya shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, kuma wannan bai wuce busasshen dabino 6 zuwa 10 ba, ko ayaba 2 matsakaita. Dabino ya fi dacewa da mu, domin ba ya lalacewa a aljihun riga cikin rana, kuma babu kasuwar da za ka rasa shi. Fura da nono abinci ne mai kyau bayan an sauka, amma kada a zuba ta a gora a yi ta yawo da ita cikin zafi.

Ruwa kuma ka nemi shan kimanin rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, da kurɓi-kurɓi, ka ɗaura gora biyu, ka san wuraren da za ka sake cikawa. Ɗaya daga cikin gorunan ka haɗa mata ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa, wato ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada kuma a wuce gona da iri, domin ɗirkar ruwa zalla fiye da abin da jiki ya zubar yana tsinka gishirin jini, kuma wannan ma haɗari ne. Hanyar da za ka san daidai gwargwadonka ita ce ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta ruwa, ba kitse ba ne, kuma bai kamata ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka ba, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 75. Bayan sakamakon awon da zan ambata nan gaba ya fito, ka bi wannan tsari Lahadi biyu ko uku a jere. Idan zarnin ya ɓace ko ya ragu sosai, to ka gano sanadinsa da kanka.

Yanzu ga maganar ƙoda. Warin da ciwon ƙoda yake kawowa ba ya jiran a hau keke. A bakin mutum ake jin sa ko yana zaune, kuma yakan zo da ɗanɗanon ƙarfe a harshe, da tashin zuciya, da rashin son abinci, da ƙaiƙayin jiki, da kumburin ƙafa ko fuska, da fitsari mai kumfa. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma hakan abin farin ciki ne. Sai dai waɗannan alamu na ƙarshe-ƙarshe ne, ciwon ƙoda yakan yi shekaru yana ci a ɓoye ba tare da ciwo ko wari ba, kuma manyan abubuwan da ke kawo shi, wato hawan jini da ciwon sukari, suna bin dangi, akwai ma nau'in ciwon ƙodar da ake gadonsa kai tsaye. Don haka ka je babban asibitin ƙasa na Zinder ko wata cibiyar da ke da ɗakin awo, ka gaya wa likita tarihin mahaifinka, a auna maka hawan jini, da sukarin jini, da yuriya da kireyatinin na jini (shi ma wani datti ne da ƙoda take tacewa, yawansa yana nuna yadda take aiki), a kuma duba fitsarinka ko akwai furotin ko jini a ciki. Tunda hanta ce ke sarrafa amoniya, kuma ciwon hanta nau'in B yana da yawa a Afirka ta Yamma, yana kuma iya zama a jiki shiru, ka roƙi a haɗa da awonsa. Kada ka je awon ranar Litinin bayan tafiyar Lahadi, ka huta kwana 2 ko 3, kada kuma ka cika cikinka da nama a daren, domin aikin ƙarfi da nama suna ɗaga kireyatinin na ɗan lokaci, su tayar maka da hankali a banza.

Akwai alamun da ba a jiran Lahadi ta gaba a kansu. Idan bayan tafiya fitsarinka ya koma launin baƙin shayi, cinyoyinka suka yi ciwon da ya wuce na gajiya, ko suka kumbura, ko fitsarin ya ɗauke, wannan yana iya zama rugujewar tsoka, wadda take zubar da wani sinadari cikin jini mai toshe ƙoda, kuma asibiti ake nufa a ranar. Masu ɗauke da rabin amosanin jini, wato AS, sun fi sauran mutane shiga wannan haɗari idan zafi da ƙishirwa suka haɗu, don haka yana da kyau kowane ɗan tsere ya san ko yana ɗauke da shi. Haka nan idan wani a ayarinku ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya ruɗe cikin rana, a sauke shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota. Ina kuma roƙonka da abokan tafiyarka ku nisanci ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak kafin tafiya ko cikinta, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda a lokacin da ta fi buƙatarsa, kuma ga mutum mai tarihi irin naka wannan ya fi zarnin zama abin tsoro. Tramol kuwa, da wasu matasa suke sha don kada su ji gajiya, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma yana ɓoye wa mutum alamun da jikinsa yake ba shi na ya tsaya. Keken ba sai ka ajiye shi ba, domin motsa jiki yana cikin abubuwan da ke kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari. Kafin sakamakon awo ya fito dai, ka tsaya a tafiyar Mirya.

Tambaya ta biyu

Salamu alaikum, Baba Likita. Ni ɗalibi ne a jami'ar Zinder, ina azumin Litinin da Alhamis, kuma nakan yi atisaye da keke bayan la'asar ko da ina azumi. Nakan ji wari mai yaji a cikin hancina bayan na sauka, amma abokan ɗakina sun ce su ba sa jin komai a jikina ko a kayana. Mene ne wannan?

Daga wani ɗalibi, Damagaram

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya karɓi ibada. Mafi yawan abin da na gaya wa mai tambayar farko ya shafe ka, domin wanda ya wuni bai ci ba bai sha ba, bayan la'asar ajiyar hantarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Abin da ke fita cikin numfashi ta bayan hanci yake bi, shi ya sa mai shi yake riga kowa jin sa, wani lokaci ma shi kaɗai yake ji. Mai azumi kuma yana da wani warin na biyu da ake rikita shi da amoniya, wanda kitse yake bayarwa idan jiki ya dogara da shi sosai, mai kama da na ruwan goge jan farce. Idan da buɗa baki yake wucewa, ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa yana tare da yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta yankewa da rama ba dalili, a auna sukarin jini ba tare da jinkiri ba.

Hancin kansa ma yana iya zama tushen matsalar. Ƙurar hunturu tana busar da cikin hanci, mura mai daɗewa tana iya zama ciwon kogon hanci mai kawo wari da nauyin fuska, kuma mutane da yawa da suka yi cutar korona sun daɗe suna jin warin abin da babu shi. Ka lura ko warin yana zuwa a ranakun da ba ka azumi, ko a ranakun da ba ka hau keke ba. Idan yana zuwa haka kawai, ko yana tare da ciwon kai mai tsanani ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, likitan hanci da maƙogwaro za ka gani, ka kuma faɗa masa waɗannan alamun dalla-dalla.

Atisaye mai ƙarfi kuwa ka mayar da shi ranakun da ba ka azumi. A ranar azumi, in har za ka hau, ka yi tafiya mai sauƙi da ba ta kai awa ɗaya ba, dab da magariba, kusa da gida, yadda za ka sauka ka tarar da ruwa da dabino, ko kuma ka bari sai awa 2 bayan buɗa baki, a hanya mai haske da fitila a kekenka. Da bazara, lokacin da rana take kaiwa la'asar da zafinta, kada ka hau keken tsere da azumi a bakinka sam, kuma wannan ya haɗa da watan Ramadan idan ya faɗo cikin zafi.